Minti Bakwai

Minti bakwai take yi, na duba da agogon hannu,
sai ta yi ajiyar zuciya, gangar ta tsaya cak,
rigunana a jiƙe, ɗumi-ɗumi kamar numfashin kare.
A ɗakin ƙasa nake, a Thunder Bay, tsakiyar Janairu,
garin da wandon da ka shanya a waje
yakan ƙame, ya tsaya da ƙafarsa babu kowa a ciki.

Shekara ashirin da biyu Marjatta na murɗa wannan makunni.
Ban taɓa tambayarta komai a kai ba.
Ni dai na iya jan durowa
in tarar da safa a naɗe, biyu-biyu.

Da ƙofa na fara.
Ostap maƙwabcina ya ce ta waya, bakinsa cike da abinci:
"Eino, akwai wani ɗan harshe a bakin ƙofar,
in ya gaji, injin sai ya ɗauka a buɗe take."
Na danna shi da yatsa, ya ce ƙyas.
Lafiyarsa ƙalau.

Na zaro rariyar,
na ɓare mata bargon burbushin zare, kaurin yatsa biyu.
Na ce yauwa, ɓarawo ya zo hannu.
Na kunna, na kifa bokiti na zauna.
Minti tara.
An ƙara mini biyu, kamar gyara a kasuwa.

Na cire filogi, don da tana nan sai ta tambaya.
Na kwance kusoshi shida, na zuba a kofin shayi,
na leƙa cikinta, tocila a bakina.
Bel yana nan, bai tsinke ba.
Fiyus da ransa, in ji mitar da na aro;
da ya ƙone ai ko tari ba za ta yi ba.
A ƙasan ganga na tsinci sulalla uku,
maɓallin rigar sanyi, da fil ɗin gashi.
Fil ɗin na sa a aljihu. Ba zancensa muke ba.

Zagaye na gaba, da ta tsaya, na ɗora tafi a bayanta:
goshin mai zazzaɓi.
Ashe ba lalacewa ta yi ba,
suma take yi don kada ta ƙone.
Zafin nata ne ya rasa hanyar fita.

Na zura manyan takalma, na zagaya bayan gida,
iskar tafki tana yankar kunne.
Dusar ƙanƙara har gwiwa. To ina bakin bututun?
Na tona da shebur, na ƙarasa da hannu.
Ga shi, ƙanƙara ta toshe shi kamar murfin kwalba,
bayanta cunkus: burbushi, busasshiyar ciyawa,
ɓawon ƙwayar da wani ɓera ya tara ya yi ɗaki.
Duk hunturun da suka wuce, wa ke share nan?
Sai na gan ta, safiyar Asabar,
tana fita da ɗan shebur ja,
ni ina bakin taga da kofina,
a zatona tsuntsaye take kai wa abinci.

Na miƙar da wayar rataye kaya na yi ta zaƙulowa.
Har da zare shuɗi, na wata riga da na sani.
Iska ta fizge shi kafin in yanke shawara.

Kusoshi shida na cire, biyar na mayar,
ɗaya ya yi ɓatan dabo.
Na kunna.
Bakwai. Tara. Sha biyar. Na daina kallon agogo.
Zik ɗin wando yana dukan ganga, ƙwas, ƙwas, ƙwas,
gida ya cika da ƙanshin sabulu mai ɗumi.
Ostap ya bugo: "Na hango tururinka ta katanga."

Na kwashe kaya na haura,
na zube su a kan teburin cin abinci.
Ban iya naɗin safa irin nata ba,
ƙulla su nake kamar bakin buhu.
Ɗan shebur ɗin kuwa yana bayan ƙofar baya,
a kan ƙusarsa, inda kullum nake gogarsa da kafaɗa.
Jibi Asabar.